Tsohon Raleigh ko keken zamani: wanne ya fi dacewa da titunan Legas?

Ɗan Agege ya rubuta:

Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema daga waɗanda suka san keke, musamman masu gyara da waɗanda suke hawansa kullum a cikin garin nan, domin na yi niyyar sayen ɗaya amma maganganun da nake ji sun saɓa wa juna ƙwarai.

A Agege nake zaune, wurin aikina kuwa yana Ikeja, tazarar da ba ta kai kilomita 10 ba. Tun da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga ranar 1 ga Yuni, 2022, har da Ikeja a cikinsu, sai tafiyata ta koma ta danfo, kuma da aka janye tallafin man fetur a ƙarshen watan Mayun 2023 kuɗin mota ya tashi har ya fara cin kaso mai tsoka na albashina. Ban da kuɗin akwai zaman cunkoso, wanda yakan sa tafiyar da mai keke zai yi a rabin sa'a ta ɗauki fiye da sa'a guda.

Kekuna biyu ne a gabana. Na farko tsohon Raleigh ne baƙi, irin wanda iyayenmu suka hau, mai birkin sanda da rufin sarƙa da kariyar ɗaukar kaya mai faɗi, wani dattijo maƙwabcina ne yake son rabuwa da shi saboda ciwon gwiwa ya hana shi hawa. Na biyu na hannu ne daga Turai, wato tokumbo, jikinsa na alminiyam ne, yana da giya 24 da birkin faifai da shokozoba a gaba. Kuɗinsu bai yi nisa da juna ba. Abokan aikina matasa suna cewa wanda ya sayi Raleigh a wannan zamani ya sayi wahala da kuɗinsa, dattawan unguwa kuma suna cewa kekunan yanzu kyan gani ne kawai, damina ɗaya ta ishe su.

Abin da nake son sani shi ne ko sauye-sauyen da aka yi wa keke a shekarun nan ci gaba ne na gaskiya da zai amfani mai zuwa aiki irina, ko kuwa abubuwa ne da aka ƙirƙiro domin masu tsere sannan aka ɗora wa kowa. Ina kuma son sanin wanne ya fi sauƙin gyara a nan Legas. Allah ya saka da alheri.

Baba Mai Faci, Idi-Araba, ya amsa:

Wa alaikumus salam. Ɗana, jikana ne yake rubuta mini wannan amsa, ni kuwa ina faɗa masa. A Kano na koyi gyaran keke, zamanin da kamfanin Raleigh yake da masana'anta a can, lokacin da keke dukiya ce da ake ƙidayawa a cikin gadon mutum, kuma yaron da bai da nasa sai ya je wajen mai keken haya ya biya ya koya. Daga baya na sauko Ikko da wannan sana'a, kuma har yau ita nake ci.

Shawarata ita ce ka ɗauki Raleigh ɗin, kuma dalilina ba ƙaunar tsohon abu ba ne, dalilina kayan gyara ne. Irin wannan ƙira kamfanoni da yawa suka kwaikwaya, Phoenix na ƙasar Sin da Hero da Avon na Indiya duk a kanta suka tafi, saboda haka mafi yawan kayansu suna shiga juna. Tayar inci 28, sarƙa, kota, boris, robar birki, feda, duk wanda ya lalace za ka same shi a wajen kowane mai gyara daga Mushin har Mile 12, kuma da sifana biyu da guduma za a kwance keken kakaf a sake ɗaure shi kafin ka gama shan shayi. Jikinsa baƙin ƙarfe ne, idan mota ta goge ka ya lanƙwashe za a miƙe shi, idan ya tsage mai walda na bakin titi zai haɗe maka shi ka ci gaba da hawa.

Sannan ka duba sarƙarsa. Giya ɗaya ce, don haka sarƙar mai kauri ce kuma a miƙe take aiki, ba ta tsalle daga wannan haƙori zuwa wancan, ga ta kuma a rufe, ruwan kwata da yashi ba sa samunta. Na ga irin waɗannan sarƙoƙi sun yi shekaru ba a canza su ba, mai kawai ake ɗiga musu. Kariyarsa kuma za ta ɗauki buhu ko jarkokin ruwa ko goyon yaro zuwa makaranta ba tare da ta yi ƙara ba.

Kekunan tokumbo da ake kawo mini kuwa matsalarsu kusan iri ɗaya ce. Akwai wani ɗan ƙarfe da abin sauya giya yake rataye a jikinsa a baya, da keken ya faɗi ta gefen dama sai ya lanƙwashe ko ya karye, kuma kowane kamfani da siffar nasa, sai mutum ya zagaye gari bai samu daidai ba, a ƙarshe ya ce mini in gajarta sarƙar in mayar masa da keken mai giya ɗaya. Shokozobar gaba kuma, idan ba mai tsada ba ce, ruwa yana shiga ta yi tsatsa ta daskare, ta zama nauyi kawai. Alminiyam idan ya tsage ba kowane mai walda ne zai iya taɓa shi ba.

Abu ɗaya zan ja kunnenka a kai. Ba duk keken da aka rubuta wa Raleigh ba ne Raleigh, domin takardar liƙawa ba ta da tsada. Ka duba gaban wuyan keken, na asali yana da tambarin ƙarfe mai hoton kan tsuntsu, an kafe shi da ƙananan ƙusoshi. Idan kuma ka yi sa'a cibiyar tayar baya mai kauri ce, an rubuta Sturmey-Archer a jikinta, to giya uku ce a ɓoye a ciki, kada ka tsaya ciniki mai tsawo.

Ɗan Tsere, Obalende, ya amsa:

Baba, Allah ya ƙara girma. Duk abin da kuka faɗa game da kayan gyara gaskiya ne, ba ni da ja a kansa, amma akwai abu guda da kuka tsallake, kuma a ganina shi ne mafi girma ga wanda zai riƙa shiga tsakanin danfo da tirela kowace safiya, wato birki.

Birkin sanda yana matse roba ne a jikin rim ɗin ƙarfe mai santsi. A lokacin rani yana aiki daidai gwargwado, amma da zarar rim ɗin ya jiƙe sai robar ta riƙa zamewa, taya ta yi juyi da dama kafin ta share ruwan ta fara kamawa. A Kano, inda damina gajera ce, ana iya haƙuri da wannan. A Legas kuwa ruwa yana farawa tun wajen Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan lafa a Agusta, ya dawo har Oktoba, kuma ko ba a ruwa titi ba ya rabuwa da kududdufi. Birkin faifai yana can tsakiyar taya, nesa da ruwan ƙasa, kuma yana kamawa kusan yadda yake kamawa a bushe. Ko birkin roba na zamani a kan rim ɗin alminiyam ya fi na sanda nesa ba kusa ba. Direban danfo ba ya sanar da kowa kafin ya tsaya ɗaukar fasinja, saboda haka wannan ba maganar ƙawa ba ce.

Game da tambayar Malam ta ko sauye-sauyen nan na masu tsere ne, amsar ita ce wasu nasu ne, wasu kuma na kowa ne, kuma ya kamata a raba su. Siffar keken kanta ba ta canza sosai ba tun 1885, lokacin da John Kemp Starley ya fito da keken Rover a Coventry ta Ingila, mai tayoyi kusan daidai da sarƙa zuwa tayar baya, sai kuma tayar iska da Dunlop ya kawo a 1888. Abin da ya biyo baya gyare-gyare ne a kan wannan tushe. Giyar waje, wato wadda sarƙa take tsalle daga wannan haƙori zuwa wancan, ta daɗe, amma masu shirya gasar tseren keke ta Tour de France ba su yarda a yi amfani da ita ga kowa ba sai 1937. A 1984 kamfanin Shimano ya fito da tsarin da kowane dannawa ɗaya yake kai sarƙa daidai kan giya ɗaya, ba sai mahayi ya yi ta lalube ba, wannan kuwa ya amfani kowa. Keken dutse ya samo asali ne a Kalifoniya a shekarun 1970, kuma Stumpjumper na kamfanin Specialized da ya fito a 1981 yana cikin na farko da aka ƙera da yawa aka sayar a shaguna. Daga wannan zuriya tokumbon da Malam yake magana ya fito, kuma daga nan aka gaji taya mai faɗi da birki mai ƙarfi.

Waɗanda na yarda na masu tsere ne su ne jikin zaren kabon, da giyar lantarki irin Di2 da Shimano ya kawo a 2009, da ƙirar da ake yi domin yanka iska. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ƙayyade tun shekarar 2000 cewa keken gasa kada ya gaza kilo 6.8, kuma kamfanoni suna ta kokawa a kan giram ɗari ko ɗari biyu. A 1989 Greg LeMond ya ci Tour de France da tazarar daƙiƙa 8 kacal bayan kwanaki ana tafiya, kuma ƙahon da ya ƙara a gaban kekensa domin rage iska ya taimaka masa a ranar ƙarshe. Ga mai neman daƙiƙa 8 wannan abu yana da ma'ana, ga mai neman isa shago kafin maigida kuwa ba shi da ita. Su kansu masu tseren ba su karɓi kowane sabon abu hannu bibbiyu ba, domin birkin faifai sai a 2018 aka halatta shi gaba ɗaya a gasar titi, bayan gardama mai tsawo a tsakaninsu.

Maganar nauyi ma tana da muhimmanci, ko da yake ba ta inda mutane suke zato ba. Tsohon Raleigh yakan kai kilo 20 ko fiye, keken alminiyam na matsakaicin kuɗi kuwa yakan tsaya wajen 13 zuwa 15. Legas shimfiɗaɗɗiya ce, saboda haka idan ana tafiya a miƙe bambancin kaɗan ne. Inda ake jin sa shi ne wajen tashi bayan kowace tsayawa, wadda a cunkoso ba ta ƙirguwa, da wajen hawa gada irin ta Pen Cinema, da kuma lokacin da mutum zai ɗauki keken ya hau da shi bene ko ya shigar da shi ɗaki da dare, tunda ba wanda zai bar keke a waje a garin nan ya yi barci mai daɗi.

Mu da muke haɗuwa da sassafe ranar Asabar muna zagaya Ikoyi da Lekki, akwai masu kekunan kabon da kuɗinsu ya haura na babur, kuma ni ma ina sha'awarsu, amma ban taɓa ganin ɗayansu ya hau nasa zuwa aiki ranar Litinin ba.

Mai Kai Saƙo, Ketu, ya amsa:

Gaisuwa ga Baba da sauran manya. Ni aikina kai abinci da saƙonni ne a kan keke, daga safe har dare, saboda haka zan faɗi abin da na gani a tsakanin abokan sana'a kawai. Kusan babu mai hawa Raleigh a cikinmu, saboda nauyi da birki, amma kuma kusan babu wanda yake amfani da giya 21 ko 24 da suke jikin kekensa. Yawancinmu giya biyu ko uku muke juyawa a kansu duk yini, wasu ma sun cire na gaba gaba ɗaya sun bar faifai ɗaya domin su huta da gyara. Abin da muka fi kashe wa kuɗi shi ne taya mai kyau, domin ƙusa da fasasshiyar kwalba su ne suke cin lokacinmu, ba rashin giya ba.

Malam ya lura da bawul kafin ya biya. Wasu kekunan Turai suna zuwa da siririn bawul wanda famfon masu facin mota ba ya kama shi sai da ɗan abin haɗawa. Idan mai kauri ne irin na mota, ko'ina aka tsaya za a sa iska.

Wasunmu sun koma keke mai batir, kuma gaskiya yana rage gajiya ƙwarai, amma ba na ba wa mai tafiyar da ba ta kai kilomita 10 ba shawarar sayensa, musamman na hannu. Batirin kaso ne mai tsoka na kuɗin keken, ƙarfinsa yana raguwa da yawan caji da kuma zafi, kuma ba a gane lafiyarsa da ido. Idan ya mutu, an bar mutum da keke mai nauyin gaske da zai tuƙa da ƙafa. Ga kuma sha'anin wuta, wanda kowa ya san halinsa.

Injiniya, Festac, ya amsa:

Assalamu alaikum. Ina so in ƙara bayani a kan ƙarfen da ake yin jikin keke da shi, domin a nan ne na ga Baba da Ɗan Tsere kowa ya riƙe rabin gaskiya.

Alminiyam nauyinsa kusan kashi ɗaya bisa uku ne na baƙin ƙarfe, amma taurinsa ma kusan kashi ɗaya bisa uku ne, shi ya sa ake yin bututunsa da faɗi domin a rama. Matsalarsa ita ce yana gajiya. Baƙin ƙarfe, muddin nauyin da ake ɗora masa bai wuce wani ma'auni ba, zai iya jure jijjiga ba iyaka, alminiyam kuwa kowace jijjiga tana rage masa kwana ko da kaɗan ne, har wata rana ya tsage, yawanci a bakin walda. Irin alminiyam ɗin da aka fi amfani da shi, mai lamba 6061, sai an sake gasa shi a tanda bayan walda kafin ƙarfinsa ya dawo, saboda haka ko an sami mai waldar alminiyam, wurin da aka haɗe ba zai koma yadda yake ba. Wannan ya sa sayen tokumbon alminiyam yake buƙatar ido sosai, domin ba wanda ya san shekarun da ya yi yana aiki a can.

To amma baƙin ƙarfe ma yana da abokin gaba a garin nan, wato tsatsa. Iskar Legas tana ɗauke da danshi da gishirin teku, kuma ba daga waje kawai take cin ƙarfe ba, ruwa yana gangarawa ta bututun sirdi ya taru a ƙasa, wajen da feda take juyawa, ya ci bututun daga ciki alhali fentin waje yana sheƙi. Keken da ya yi shekara arba'in a Katsina lafiya lau yana iya ruɓewa a Apapa cikin ƙanƙanin lokaci idan ana barinsa a ruwa. Saboda haka maganar cewa tsohon keke ba ya mutuwa ta fi zama gaskiya a Arewa fiye da nan.

Sannan kada mu ɗauka cewa baƙin ƙarfe na jiya ne kawai. Bututun Reynolds 531 mai sauƙin nauyi ya fito tun 1935, kuma har farkon shekarun 1990 ana cin manyan gasa a kan kekunan ƙarfe. Da yawa daga kekunan dutse na shekarun 1990 da ake kawowa tokumbo an yi su ne da ƙarfen kuromoli, wani nau'in baƙin ƙarfe mai ƙarko, ba su da shokozoba, tayarsu inci 26 ce wadda ake samu ko'ina, giyarsu 18 ko 21 ce ta Shimano mai arha, birkinsu na roba ne a kan rim ɗin alminiyam. A wurina wannan shi ne keken da ya fi dacewa da tambayar Malam, domin ya haɗa jikin da mai walda zai iya gyarawa da birkin da yake kamawa cikin ruwa, kuma sau da yawa masu shago suna sayar da shi da rahusa saboda matasa ba sa kallonsa. Ƙungiyar World Bicycle Relief, wadda aka kafa a 2005 take rarraba kekuna a karkarar ƙasashe irin su Zambiya da Kenya, da ta zo ƙera kekenta mai suna Buffalo ba ta zaɓi alminiyam ko kabon ba, ƙarfe mai kauri ta zaɓa da kariya mai ɗaukar kilo 100, domin ta san inda keken zai yi aiki da kuma wanda zai gyara shi.

Game da birkin faifai, iri biyu ne, mai waya da mai mai. Mai waya kowane mai gyara zai iya daidaita shi. Mai mai ya fi kamawa, amma idan iska ta shiga layinsa sai an yi masa tacewa da kayan aiki na musamman, kuma man ba iri ɗaya ba ne, Shimano man ma'adini yake amfani da shi, wasu kamfanoni kuma irin man birkin mota. Wanda ya zuba na mota a cikin na Shimano zai lalata robobin ciki baki ɗaya. Malam ya duba ya ga wanne ne a jikin keken kafin ya yanke shawara.

Wani abin sha'awa shi ne masu tseren da kansu sun fara komawa inda tsofaffi suke ta fuskar taya. A da suna hawa siririya mai milimita 23 da iska maƙil, yanzu sun koma 28 zuwa 30 da sassaucin iska, bayan an gane cewa a kan titi mai gargada taya mai faɗi ba ta rage gudu, sai ma ta rage jijjiga. Tayar Raleigh faɗinta inci ɗaya da rabi ne tun asali.

Maman Khalifa, Mile 12, ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba na hawa, amma maigidana yana zuwa kasuwa da keke kuma ni nake wanke kayan, saboda haka ina da ta cewa. Kekunan zamanin nan yawanci ba su da madigadi ko rufin sarƙa, kuma duk ranar da aka yi ruwa sai ya dawo da layin taɓo a bayan rigarsa tun daga ƙugu har wuya, ƙafar wando kuma sarƙa ta sha kama ta ta yage. Wanda ya ƙera waɗannan kekuna bai yi tunanin mai sa kaftani ko doguwar riga ba. Malam, ko wanne ka saya, ka sa kuɗin madigadi da kariya da fitila a cikin lissafinka, haka ma hular kwano, domin na ga kun yi ta maganar ƙarfe ba wanda ya ambaci kan mahayin.

Ɗan Agege ya sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na koma shagon na duba, birkin tokumbon mai mai ne, shokozobar kuma da na danna ta da ƙarfi da ƙyar ta motsa, kamar yadda Baba ya siffanta. A can ƙuryar shagon na ga wani irin wanda Injiniya ya ambata, na ƙarfe, ba shokozoba, taya 26, fentinsa ya koɗe, kuma mai shagon ya sa masa kuɗi ƙasa da na wancan. Raleigh ɗin maƙwabcina kuwa tambarinsa na ƙarfe ne mai kan tsuntsu, amma giya ɗaya ce. Zuciyata ta fi karkata ga na ƙuryar shagon, sai dai maganar tsatsar ciki ta tsaya mini a rai. Baba, yaya ake gane ta alhali ba a ganin cikin bututu?

Baba Mai Faci, Idi-Araba, ya amsa:

Ɗana, ka tafi da sifana da 'yar tocila. Da farko ka kwance sandar sirdi ka zare ta. Idan ta ƙi fita ko kaɗan, to ta manne da jikin keken, kuma cire ta aiki ne babba, ka bar shi kawai. Idan ta fita, ka haska cikin bututun. Ja-ja kaɗan ba komai ba ne, kowane keken ƙarfe yana da shi, amma idan ka kifa keken ka ga ɓarɓashin tsatsa yana zubowa kamar garin barkono, ko ruwa ya fito, to an daɗe ana cinsa. Sai ka duba ƙarƙashi, wajen da feda take juyawa da sandunan nan biyu da suka tafi tayar baya, ka danna duk inda fenti ya kumbura da bakin sukuddireba, idan ya lotsa kada ka saya.

Bayan haka ka shafa ƙarƙashin bututun da ya sauko daga wuya, dab da inda suka haɗu. Idan ka ji tudu ko ka ga fenti ya tsattsage a wurin, keken ya taɓa yin karo ta gaba. Ka riƙe birkin gaba ka jijjiga keken gaba da baya ka ji ko wuyan yana ƙwanƙwasa, ka juya tayoyin ka ga ko suna rawa, sannan ka hau ka bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya kana taka feda da ƙarfi, domin sarƙar da ta ci haƙora ba ta tsalle sai an matsa mata. Idan ya tsallake duk wannan, ka biya, ka kawo shi a canza wayoyin birki da robobinsu, a zuba sabon giris a cibiyoyi, a ɗaura masa madigadi da kariya kamar yadda Maman Khalifa ta ce.

Raleigh ɗin kuma ka tambayi dattijon nawa ne kuɗinsa na ƙarshe ka sanar da ni, akwai wani mai sayar da ruwa a nan unguwarmu da ya daɗe yana neman irinsa.